Sojan Gona da Haƙƙin Kashe Waya

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa 'yan damfara sun yashe wa wani asusu ta waya, kalmar da take fara fitowa daga bakin mutane ita ce "wawa". In an sassauta masa, a ce kwaɗayi ne ya ja shi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Wannan hukunci yana da ƙamshin gaskiya a kan tsohuwar damfarar nan ta 419, wadda ake kwaɗaita wa mutum dukiyar da bai yi wa gumi ba. To amma akwai wata irin damfara da ba ta yi wa kowa alkawarin ko sisi. Mai kiran zai ce maka daga hukuma yake, wai an tsinci sunanka a wata badaƙala, ko za a rufe asusunka kafin la'asar, ko an kama wani kaya da aka aiko da lambarka. Wanda ya faɗa wannan rami ba riba ya je nema ba. So yake ya wanke kansa, ya bi doka, ya tsare mutuncin gidansu. Wato da halayen da muke tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kansu aka ɗana masa tarkon. Wannan shi ne abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya: in dai biyayya ga hukuma halin kirki ne, a ina take tsayawa, kuma wa ya kamata ya ji kunya idan aka yi amfani da ita aka cuci mai ita?

Sojan gona ya girmi tarho. Ranar 16 ga Oktoban 1906, wani mai gyaran takalmi a Jamus mai suna Wilhelm Voigt, wanda ya shafe shekaru masu yawa na rayuwarsa a gidan yari, ya sanya kakin kyaftin ɗin soja da ya tsinto a wajen 'yan gwanjo. Ya tare wasu sojoji kamar goma a kan titi ya ce su biyo shi, suka bi. Ya shiga jirgin ƙasa da su zuwa Köpenick, kusa da Berlin, ya sa suka tsare ƙofofin ofishin gari, ya kama magajin garin da ma'ajinsa, ya karɓi kuɗin baitulmali sama da mak 3,500, har da ba da rasit. Bayan kwana goma aka kama shi, aka yanke masa shekara huɗu, sarkin Jamus ya yi masa afuwa a 1908. Duniya ta yi wa Jamusawa dariya a lokacin, aka ce mutane ne da ke sara wa riga ko da babu kowa a cikinta. Amma dai Voigt sai da ya sayi riga, ya fito da fuskarsa a bainar jama'a, ya sa wuyansa a kasada. Jikokinsa na yau murya kaɗai suke buƙata da layin waya, suna kuma iya gwada mutum ɗari a wuni ɗaya suna kishingiɗe.

Mu masu rubuta manhaja akwai darasin da ake fara cusa mana tun a makaranta: duk abin da ya shigo daga waje, kada ka gaskata shi sai ka tantance. In mutum ya cike fom ya rubuta cewa shi ne shugaban kamfani, manhajar ba ta da ikon ta yarda don kawai ya rubuta. Tsarin tarho an gina shi ne a kan akasin wannan darasi. An shimfiɗa shi a zamanin da kamfanonin waya 'yan ƙalilan ne, galibinsu na gwamnatoci, kowanne ya san ɗan'uwansa, don haka in wani ya ce kiran nan daga lamba kaza ya fito, sai na gaba ya karɓa ya miƙa. Da aka zo zamanin kira ta intanet, gurbin da ake sa lambar mai kira ya zama abin da mai kiran kansa zai iya cikewa. Lambar da kake gani a fuskar wayarka tamkar adireshin da mai wasiƙa ya rubuta a bayan ambulan ne, gidan waya bai je ya duba ko a can yake zaune ba. A Amurka sai a tsakiyar 2021 aka tilasta wa manyan kamfanoni amfani da wani tsari mai suna STIR/SHAKEN, wanda ke buga wa kira hatimin tabbaci, kuma shi ma yana da gibi, musamman a kan kiran da ya ratso tsofaffin layuka ko ya fito daga ƙetare.

A wajenmu ma ɗan damfara bai cika buƙatar wannan wahala ba. Sunan da Truecaller ke nuna maka daga hannun jama'a aka tattaro shi, mai layin kuma yana iya rubuta wa kansa sunan da ya ga dama. Hoton tambarin Najeriya a WhatsApp kyauta ne. Saura me? Ya kira cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka da bankinka, sai gabanka ya faɗi ka ce lallai wannan daga ciki yake. Alhali ka tuna fom nawa ka cike a rayuwarka, kwafin katin shaidarka nawa ka bari a shagunan fotokwafi, shafin neman aiki ko tallafi nawa ka zuba wa bayananka ba tare da sanin mai shi ba. Bayanan da suka bi ta hannu hamsin sun daina zama sirri, don haka sanin su ba ya nuna komai game da mai kiran.

Wanda yake zaton wannan sana'ar wasu 'yan tasha ce, ya dubi abin da aka bankaɗo a Indiya. A Oktoban 2016 'yan sandan Thane, a gefen Mumbai, suka kai samame wasu cibiyoyin kira a unguwar Mira Road, suka tarar da ma'aikata kusan 700. Matasa ne masu albashi da lokacin tashi, an koya musu lafazin Amurkawa, an ba su rubutaccen zance. Aikinsu su kira mutanen Amurka su ce daga hukumar haraji ta IRS suke, ana bin ka bashi, 'yan sanda na kan hanya, sai in ka je kanti yanzu ka sayi katin iTunes ka karanto lambar da ke bayansa. Gwamnatin da ta fi kowace ƙarfi a duniya wai tana karɓar haraji da katin sayen waƙa! Yanzu da kake karantawa hankali kwance abin dariya ne, amma dubban mutane sun biya. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce a 2024 kaɗai mutane sun kai ƙarar asarar dala miliyan 789 ta hanyar masu sojan gona da sunan gwamnati, kuma wannan na waɗanda suka iya buɗe baki ne.

Daga baya abin ya juyo kan Indiyawan kansu, da salon da suke kira kamu ta waya. A 2024 aka yi wa S.P. Oswal, shugaban rukunin masaƙun Vardhman, dattijo mai shekara 82 da ya ƙare rayuwarsa cikin lissafin kuɗi. Aka kira shi da sunan hukumar bincike ta CBI, aka ce asusunsa ya shiga shari'ar halasta kuɗin haram. Aka ɗora shi a Skype aka ce kada ya kashe kyamara, kada ya faɗa wa kowa. Har zaman Kotun Ƙoli na bogi aka shirya masa, wani ya fito a matsayin Alƙalin Alƙalan ƙasar. Ya tura rupi miliyan 70. Abin ya yi ƙamari har sai da Firaminista Modi ya fito a shirinsa na rediyo a ƙarshen Oktoban shekarar ya shaida wa jama'a cewa babu kamu ta waya a dokar ƙasar, kuma babu hukumar da ke tuhumar mutum ta kiran bidiyo.

To in attajiri mai lauyoyi zai faɗa, batun wauta ya kau. Dole a nemi bayanin a wani wuri, kuma ni ina ganin wani gwaji da aka yi a asibiti ya fi kowane kusantar da mu. A 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Charles Hofling, ya sa aka riƙa kiran ma'aikatan jinya da dare da sunan wani likita da ba su taɓa jin sa ba. Likitan bogin ya umarce su su ba maras lafiya miligiram 20 na wani magani, alhali a jikin kwalinsa an rubuta kada a wuce 10. Maganin ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su, dokar asibitin kuma ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Cikin 22, guda 21 sun ɗauko maganin za su bayar sai da aka tare su (maganin dama na ƙarya ne, ba ya cutarwa). Waɗannan ƙwararru ne da suka san doka, amma sun saba cewa in likita ya yi magana aikatawa ake yi.

Akwai ragowar labarin da ba a cika faɗa ba. A 1977 wasu masu bincike biyu, Rank da Jacobson, suka maimaita gwajin da sauye-sauye: suka yi amfani da maganin da ma'aikatan suka sani, suka kuma bar su su yi shawara da abokan aikinsu. Cikin 18, guda 16 suka ƙi. Mutanen iri ɗaya ne, tarbiyyar iri ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne sun san abin da ake magana a kai kuma akwai na kusa da za su juya su ce, "Ke, kin ji abin da aka ce in yi?" Ɗan damfara ya san wannan ko da bai taɓa jin sunan masu binciken ba. Shi ya sa duk zancensa ke kewaye da abu biyu: kada ka kashe wayar, kada ka faɗa wa kowa. Zai ce maka binciken sirri ne, ko ma'aikatan bankinka na cikin waɗanda ake zargi, ko in matarka ta ji ita ma ta shiga laifin. Yana raba ka ne da mutum na biyu, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙaryarsa ba ta jure a maimaita ta da ƙarfi a gaban wanda bai tsorata ba.

Nan ne tambayar ta yi tsauri, don ba na son in ce maganin shi ne a daina yarda da kowa. Hausawa da suka ce bin na gaba bin Allah ba shirme suka yi ba. Al'ummar da kowa ke neman hujja kafin ya kauce wa motar asibiti, ko ya buɗe wa ma'aikacin ƙidaya ƙofa, ba za ta zaunu ba. Yarda ita ce ke sa mu'amala ta yi sauƙi, kuma ɓarnar ɗan sojan gona ta wuce kuɗin da ya sata, domin yana cinye wannan jari na kowa da kowa. Duk kiran ƙarya guda yana sa kiran gaskiya na gobe ya sha wuya.

Sai dai a lura da wanda ake bin bashin biyayyar. Kujerar ake yi wa, da dokar da ta kafa ta. Iyayenmu sun san haka sarai. Dogari yana zuwa da jar riga da kore, a gari an san shi, an san ubansa. Wasiƙar sarki tana zuwa da hatimi. In baƙo ya sauka a ƙauye ya ce sarki ya aiko shi karɓar shanu, dagacin da ya ce "zauna ka sha ruwa, bari in tura fada a ji" bai saɓa wa sarki ba, sunan sarkin ya tsare daga bakin ɓarawo. Ko a gaban alƙali, wanda ya zo da da'awa shi ake nema ya kawo shaida. Wanda ya kira ka ya ce shi hukuma ne, da'awa ya yi, nauyin tabbatarwa a wuyansa yake. Abin mamaki, waya ta juya mana wannan ƙa'ida: shi ne ke tambayarka ka tabbatar masa kai wane ne, ka karanto lambar BVN, ka faɗi lambobin katinka, kai kuma kana rawar jiki kana amsawa kamar ɗalibi a gaban malami.

Saboda haka ni a ganina kashe waya haƙƙi ne, kuma ba ya cin karo da ladabi. Kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, na ji. Faɗa mini sunanka da ofishinku, zan zo da kaina." Sannan ka kashe, ka nemi lambar hukumar ko ta bankin daga inda ka sani, bayan katinka ko shafinsu na ainihi ko ƙofar ofishinsu, ka kira da kanka. Lambar da mai kiran ya ba ka ba ta da amfani, kamar ka tambayi ɓarawo ne ya kawo mai shaidarsa. Jami'in gaskiya ba ya asarar komai don ka jinkirta awa ɗaya, tunda yana da ofis, yana da takarda, gobe ma yana nan. Wanda duniyarsa za ta tashi in ka ajiye wayar minti biyar, ya riga ya gaya maka ko wane ne. Lambar fin ɗinka da lambar nan ta OTP da ke shigowa ta saƙo kuwa, babu ma'aikacin banki ko na gwamnati da aikinsa ke buƙatarsu. An ƙirƙiro su ne domin su zama abin da kai kaɗai ka sani, kuma daidai lokacin da ake roƙon ka karanto su, wani yana can ya riga ya cike sauran guraben yana jiran wannan ɗaya.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Gusau zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce wannan shawara ta ƙasar da hukuma ke aiki da takarda ce. A nan fa? An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san yadda ake fita. Mun saba da jami'i na gaske, mai kaki na gaske, yana cewa a sasanta a nan, yana miƙo lambar asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ko ya nuna maka mai POS na gefen titi. Barazana, gaggawa, rufa-rufa, biya ta bayan fage: alamomin nan da ake cewa da su ake gane ɗan damfara, a wurare da dama su ne kamannin hukuma kamar yadda talaka ya san ta. Tun 2015 aka tattara kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya a asusun bai-ɗaya na TSA, wanda ke nufin kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun Malam Wane. Amma mutumin da ya sha biya ta asusun Malam Wane a ofis na gaske, da wane ma'auni zai gane na ƙarya?

Har ma da manufofin da aka yi da kyakkyawar niyya. A Disambar 2020 aka ba 'yan Najeriya wa'adin mako biyu su haɗa layukansu da lambar NIN ko a rufe, aka yi ta ɗage wa'adin, a Afrilun 2022 kuma aka hana miliyoyin layuka kira da gaske. Bayan wannan, jumlar "za a rufe layinka yau" ta zama abin da hankali ke ɗauka, domin an taɓa yi. Ɗan damfara bai ƙirƙiri tsoron ba, tarar da shi ya yi a shimfiɗe ya kwanta a kai. Don haka in ana rabon laifi, kaso mafi girma na ɓarawon ne, wannan ba a jayayya. Amma duk jami'in da ya taɓa karɓar na goro da barazana ya yi wa ɓarawon nan share fage, ya horar masa da jama'a kyauta. Hukumar da ke son a daina sojan gona da sunanta, fitar da sanarwa bai ishe ta ba, sai ta daina kama da masu kwaikwayonta.

Sai kuma mu 'yan kallo. A Fabrairun 2024 wata marubuciya a Amurka, Charlotte Cowles, wadda aikinta shi ne ba mutane shawara kan harkar kuɗi a mujallar The Cut, ta rubuta yadda aka kira ta da sunan Amazon, aka miƙa ta ga wani wai na FTC, shi kuma ya miƙa ta ga wani wai na CIA, har ta zuba dala 50,000 a kwalin takalmi ta miƙa wa baƙo ta tagar mota. Intanet ta yi mata ca, aka yi ta yi mata ba'a. Na tabbata cikin masu dariyar akwai waɗanda aka taɓa yi wa suka haɗiye. Dariyar nan tana da farashi. Dattijon da aka kwashe wa kuɗin fansho, in ya san 'ya'yansa za su ce "Baba, kai ma dai", shiru zai yi. Shirun kuma yana cinye sa'o'in farko, waɗanda a cikinsu ne kaɗai banki ke da damar bin sawun kuɗin ya tsare su kafin a rarraba su asusu-asusu. Ga kuma maƙwabcinsa da za a kira gobe da zance iri ɗaya, bai ji komai ba balle jikinsa ya tsira. Wanda aka fara kawo wa irin wannan labari, tambayar da ta kamace shi ita ce wane banki ne kuma ƙarfe nawa abin ya faru, sannan ya ɗauki waya.

Birtaniya ta ba wannan tambaya ta rabon laifi amsa a aikace. Daga 7 ga Oktoban 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa yana da haƙƙin a mayar masa har zuwa fam 85,000, sai dai in an tabbatar ya yi mummunan sakaci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake raba asarar: rabi a kan bankin da kuɗin suka fita, rabi a kan bankin da suka sauka. Dalilin a fili yake. Kuɗin sata ba a iska suke sauka ba, a asusu suke sauka, kuma wani ne ya buɗe asusun, wani kamfani ne ya karɓi takardunsa ya ce ya tantance shi. A Najeriya, inda tun 2014 aka fara ɗaure asusu da BVN mai hoton yatsa, tambayar ta fi kaifi. Tsohuwar da aka tsorata ta karanto lambobi shida mun san sunanta, mun san unguwarsu, har mun yanke mata hukunci a majalisa. Asusun da kuɗinta suka shiga shi ma yana da suna, da hoto, da yatsu goma a ajiye a wata kwamfuta.